Tafiyarmu Badun da Ƙirjin Yaya Lawal

Tun da muka dawo daga Ibadan, wadda mu muke ce wa Badun, ban huta da tambaya ba. In na buɗe rumfata a kasuwar hatsi ta Funtuwa, kafin in kwance bakin buhu wani ya tsuguna yana cewa, "Malam Iro, yaya Kurmi?" Wani so yake ya ji ko da gaske Yarbawa baƙin tuwo suke ci, wani kuma jirgin ƙasa ne damuwarsa. Masu tambayar jikin Yaya Lawal, wanda dominsa aka yi tafiyar, su ne kaɗan, don sun gan shi yana yawo da ƙafarsa sun ɗauka magana ta ƙare. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai bakin tasha. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Yaya Lawal wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na baro gida na kama sayar da hatsi, shi ya zauna a Dayi kan gonar mahaifinmu. Auduga yake nomawa, kuma ba irin noman da ake yi mata a gefen dawa don kada a ce ba a shuka ba. Shi yake tsayawa a kan ɗiba, shi yake zama ya tsince ta da hannunsa, fara gefe guda, mai dauɗa gefe guda. Kamar yadda kowa yake yi a wajenmu, a ɗaki yake tara ta har a buɗe kasuwa, saboda wuta da awaki da masu dogon hannu. Sai dai shi a ɗakin kwanansa yake tara tasa, rabi shi rabi ita.

Shekaru ke nan, da zarar an fara ɗiba sai ƙirjinsa ya toshe. Yana numfashi kana jin wani siririn fito daga tsakar gida, in ya yi magana sai ya tsaya tsakiyar kalma ya nemi iska. An kai shi asibiti a Zariya, likita ya ce asma ce, ya rabu da auduga. Yaya ya dawo ya ce yaron bai taɓa riƙe fartanya ba.

Ana nan sai ya ji labarin wani tela a Kafur da ya yi irin wannan tarin. An ɗibi jininsa an duba, aka ga wasu ƙwayoyi sun yi masa yawa, aka ce wata tsutsa ce da sauro yake sa wa mutum. Aka ba shi magani ya sha, ya warke sarai, yana nan yana taka kekensa. Tun ranar Yaya ya kafe a kan shi ma tsutsa ce. In tsutsa ce a ba shi ƙwaya ya koma gonarsa. In asma ce sai ya zaɓa tsakanin auduga da numfashi. Abin da muka tafi Badun mu jiyo ke nan.

Wadda ta kawo maganar Badun ita ce Iya Sikira, Bayarabiya mai sayar da kwanuka a kusa da rumfata. Ta fi ni daɗewa a Funtuwa, kuma in tana ciniki ba ka rabe Hausarta da ta 'yan gari. Ɗanta Taju a nan aka haife shi, a gabana ya yi rarrafe cikin buhunan gero, ga shi yanzu likitan ƙirji ne a wani babban asibiti a can. Za ta je gida sarin kaya, sai ta ce mu bi ta. Yaya ya bar audugar bana jibge a ɗaki, ya ce kada wanda ya taɓa ta sai ya dawo.

Ya iso tashar jirgi da tsaraba kamar mai zuwa neman aure: ƙullin daddawa, ɗan buhun gero, da zabi biyu a cikin akurki. Na ce masa likita ba boka ba ne da za a kai masa tsuntsu. Ya ce shi bai iya shiga gidan mutane hannu rabbana ba. A Zariya muka sauka don mu canja zuwa babban jirgin da yake fitowa daga Kano, a nan zabuwa ɗaya ta sami kafa ta fice. 'Yan dako da fasinjoji suka bi ta har ƙarƙashin tarago, wani mai tuta yana ta yi musu tsawa. Wanda ya kama ta bai dawo da ita ba. Yaya ya ce Allah ya sa rabonsa ce, ya ɗaure bakin akurkin da igiyar wandonsa na canji.

Taragonmu benci ne na katako, mutane a kai, kaya a ƙasa, kaji a tsakani. Kusa da mu wani Alhaji ne falken goro, wanda ya san hanyar kamar tsakar gidansa. Shi ya koya mana a riƙa cika buta a duk tashar da aka tsaya, don famfon jirgi ba a dogara da shi. Iya Sikira kuwa abincin tasha ta sani. Kafin jirgi ya gama tsayawa ta zura kai ta taga tana kiran masu talla, a Kaduna gurasa da tsire, a Minna soyayyar doya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Yaya. Mutumin da a gida loma uku take isarsa, sai ga shi yana cin duk abin da aka miƙo. Ya ci nasa, ya ci rabin nawa, ya tambayi Iya ko akwai sauran doya. Ba tari, ba fito, sai surutu da Alhaji kan farashin taki. Na ce a raina canjin iska ne.

Masu tambayata ko akwai iyaka tsakaninmu da Kurmi, babu wani shinge ko mai buga hatimi, amma akwai gadar Jabba. Jirgi yakan rage gudu ya hau ta a hankali, kogin Kwara shimfiɗe a ƙasa, kowa yana leƙe ta taga. Yaya ya laluba aljihu ya fito da takardar harajinsa ya riƙe, don ya ji an ce daga nan ake tambaya. Ɗan sanda ya ratso taragon, ya ɗaga akurkin ya leƙa zabuwar, ya wuce bai ko dubi takardar ba. Alhaji ya ce, "Malam, mayar da abarka. Nan ba wanda zai tambaye ka ko kai wane ne. Daga nan dai in ka yi ciniki da Hausa za a ninka maka." Haka kuwa aka yi. Masu tallan kifi suka cika tagogi, ba mu gane ko kalma ɗaya ba, Iya ta hana mu buɗe baki har ta gama saye.

Daga nan ƙasa ta canja. Itatuwa suka yi tsawo suka haɗe, zufa ta fara kama mu ba tare da rana ba. Muka wuce Ilori da wasu garuruwan da ban riƙe sunansu ba, har muka shiga Badun. Garin ba shi da farko ba shi da ƙarshe, rufin kwano ne mai tsatsa a kan tudu da kwari iyakar ganinka.

A gidan yayan Iya aka sauke mu, wani tsoho mai fara'a wanda bai jin Hausa sai "sannu". Gida ne babba mai dogon soro a tsakiya da ɗakuna hagu da dama, maza da mata kowa yana shige da fice. A ƙofar gidan akwai wani dakali na siminti, na zauna a kai ina cire takalmi. Iya ta ce, "Malam Iro, kan babanmu kake zaune." Kabari ne. Su a gida suke binne manyansu, yara suna wasa a kai, mata suna shanya barkono. Na tashi da sauri har na bar takalmi ɗaya, su kuwa ba wanda ya ga abin damuwa.

Da yamma Taju ya zo cikin mota, da kwat da laktaye. Yana ganin uwarsa da kawunsa sai ya zube ƙasa ya kwanta rub da ciki, har ƙirjinsa ya taɓa siminti. Mu durƙuso muka sani, shi ma wasu 'yan boko sun fara jin nauyinsa. Yaya ya daɗe yana kallonsa. Daga baya ya ce mini likitan da yake kwanciya wa uwarsa haka za a iya jin maganarsa. Taju ya tashi ya karkaɗe kwat, ya juyo da Hausar Funtuwa tsantsa ya ce, "Baba Lawal, sannunku da hanya. Ina mutanen Dayi?"

Abinci kuma, gaskiya ne tuwonsu baƙi ne. Garin busasshiyar doya ne, suna ce masa amala, da wata miya mai yauƙi irin lalo, sai jan mai da barkonon da ya sa na yi hawaye a gaban mata. Da safe koko ne da ƙosai kamar gida, sai dai ƙosan ya fi namu girma. Zabuwar Yaya ta ƙare a tukunyar, ta sha barkono har ba a gane ta ba. Wanki kuwa in ka shanya sai ya wuni bai bushe ba.

Washegari muka je asibiti. Taju ya ɗora abin awo a ƙirjin Yaya da bayansa, ya sa shi ya busa iska cikin wani bututu, aka soki yatsansa aka shafa jinin a ɗan gilashi. Muka zauna a benci har azahar. Da ya kira mu ciki, fuskarsa ba ta nuna an sami abin da ake nema ba.

Ya ce, "Baba, ƙwayoyin da aka gani a jinin telan nan, ko mai lafiya ƙalau yana da 'yan kaɗan. Kai naka babu ko na rantsuwa. Me ka sha kafin ka taso?"

Yaya ya ce ruwa da goro.

Taju ya tsare shi da ido yana jira. Can Yaya ya cire hula, ya zaro wani ƙullin takarda daga cikin naɗinta, ya buɗe. Wasu ƙananan fararen ƙwayoyi ne da yake saye a kemis a Malumfashi in abin ya tsananta. Ashe tun kwanaki kafin tafiya yake ninka su safe da yamma, ni ban sani ba.

Na ce, "Yaya, mun ratso ƙasa don a ga ciwo, kai kuma ka ɓoye shi?"

Ya ce, "Gidan mutane za mu sauka. In zo in hana tsoho barci da tari, a ce baƙon da Iya ta kawo ne? Kuma ba a zuwa gaban babban mutum a wulaƙance."

Raina ya ɓaci, amma ban iya cewa ƙarya yake ba, don ko ni ne da wuya in yi dabam. Mu haka muka taso, mara lafiya yakan yi wanka ya sa rigar kirki, in likita ya ce yaya jiki ya ce da sauƙi.

Taju bai yi faɗa ba. Ya jawo kujera ya yi mana bayani. Ya ce cikin fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki, akwai wani iri da ake kira iyosinofil, sunan daga jan rinin da ake ɗiga musu ne don a gan su. Aikinsu faɗa da tsutsa. Tsutsa ta fi ƙarfin su haɗiye ta, sai su taru a jikinta su zuba mata dafi. Amma a jikin wasu mutane, in sun shaƙi wata ƙura, sai ƙwayoyin su tashi kamar tsutsa ce ta shigo. Su cika hanyar numfashi su zuba dafin a kan naman mutum, hanyar ta kumbura, majina ta yi kauri, iska ta rasa wurin wucewa. Ya ce kamar masu gadi ne da suka ji motsi suka rufe maigida da duka.

"Wannan ƙwayar da kake sha," ya ce, "korarsu take yi daga jini, shi ya sa kake jin sauƙi, shi ya sa kuma kake cin abinci kamar ba gobe. Amma in ka daɗe a kanta za ta kumbura maka fuska, ta cinye maka ƙashi, ta iya jawo maka ciwon sukari. Ba a kuma yanke ta rana ɗaya. Za mu rage ta a hankali, sannan mu sake dubawa."

Haka tafiyar da muka shirya wa kwana kaɗan ta zama zama. Ni na yi ta yawo. Na shiga kasuwarsu na ga mata ne da ita, su ke saye su ke sayarwa, su ke da manyan rumfuna. Na ga geronmu da wakenmu a hannunsu, na tsaya na ɗebi waken na duba, mai shi ta buge mini hannu. Ranar Juma'a muka je Sabo, unguwar Hausawa, muka yi salla muka sha fura. Yaya kuwa kullum sai ya tashi ya ja numfashi ya saurari ƙirjinsa, yana jiran ciwo ya dawo a ga tsutsa. Aka yi ta rage ƙwayar har ya daina sha, cin abincin ya ragu, amma ƙirji shiru.

Aka sake ɗibar jini, aka duba bayan gida. Wannan karon ƙwayoyin sun fito, sun ɗara na mai lafiya. Yaya ya washe baki ya ce, "To ga su nan. A ba ni maganin telan."

Taju ya ce, "Baba, tsutsa tana tada su, asma ma tana tada su. Irin ciwon telan nan, cika gilashi suke yi har ka rasa inda za ka sa ido. Naka ba haka ba ne. Kuma da tsutsa ce, da tare kuka hau jirgi, ba za ta bar ka ka yi barci a Badun ba. Abin da yake tada naka ka baro shi a gida."

Yaya ya ce sanyin gida ne, nan kuwa ba sanyi. Taju ya ce sanyi yana ƙarawa, amma ba shi ne tushe ba. Suka rabu a haka, kowa da tasa.

Kashegari Yaya ya ce in raka shi Sabo. Na ɗauka fura yake so. Sai ya wuce mai furar ya nufi wata rumfa da ya gani ranar Juma'a, inda wani Bakatsine yake ɗinkin katifa. Auduga ce jibge a ciki, mutumin yana shiɓarta da baka, ƙurarta tana tashi fari fat. Suka gaisa, Yaya ya tube riga ya rataye, ya zauna a tsakiyar tulin ya ɗebi audugar yana murzawa. Ya ce wa mai katifa an cuce shi, wannan ɗibar ƙarshe ce, duk ganye da ƙasa. Ya karɓi bakan ya ce bari ya nuna masa yadda ake yi.

Na ce, "Yaya, tashi mu tafi."

Ya ce, "Iro, in ba ita ba ce ina so in sani. In ita ce ma ina so in sani. Ba zan bar gonar Baba a kan maganar baki ba."

Na koma waje na zauna a kan turmi. Ina jin ƙarar bakan da dariyarsa, don rabonsa da taɓa auduga tun Dayi, kuma hannunsa ya yi kewarta. Ya yi ta yi har aka kira la'asar. Da ya fito gemunsa fari, ya buga ƙirji ya ce, "Ka gani?"

Ba mu kai bakin titi ba tari ya fara. A cikin motar haya fiton ya dawo, irin wanda na sani. Kafin mu isa gida ya kasa zama daidai, ya dafa kujerar gaba, wuyansa yana lotsawa duk jan numfashi. Leɓensa ya canja launi. Na ji tsoro ƙwarai, na fara tunanin yadda zan koma Dayi in faɗa wa matansa na binne shi a Kurmi. Muna isa ƙofar gida Iya Sikira ta leƙo motar, ta hana mu sauka, ta faɗa ciki ta yi wa direba magana da Yarbanci, ya juya da mu asibiti. Taju ya yi masa allura a jijiya, aka sa masa iska a hanci. Kafin magariba numfashin ya fara sauka. Taju ya ga farin a gemunsa, ya cire ɗan zare ɗaya ya duba.

Da safe ya ba shi ɗan kwano ya ce ya yi kaki a ciki. Aka shafa a gilashi, aka ɗiga rini. Sannan ya yi abin da ban zata ba, ya kama hannun Yaya ya kai shi ɗakin da ake duba jini, ya zaunar da shi gaban madubin likita, ya nuna masa yadda zai rufe ido ɗaya. Ni ma na leƙa daga baya. Wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne birjik, kowane cike da jajayen ɗigo kamar an barbaɗa garin barkono, wasu sun fashe ɗigon ya watsu.

Yaya ya daɗe a sunkuye. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Daga ƙirjina waɗannan suka fito?"

"Daga ƙirjinka, Baba."

"Ba baƙi ba ne? Ba wani abu ne ya shigo ba?"

"Naka ne. Da su aka haife ka."

"To da wa suke faɗa?"

Taju ya ce, "Su a ganinsu da auduga. Amma kai suke samu."

Yaya ya ɗago ya sa hularsa. Ya tambaya ko ɗaure hanci da ƙyalle zai yi. Taju ya ce zai taimaka in wucewa zai yi, ban da wanda zai wuni a cikinta ya kwana da ita. Ya ce shuka da noma ba za su dame shi sosai ba, ɗiba da tsinta da ajiya ne ba nasa ba kuma. Yaya ya ce wanda bai tsince audugarsa da hannunsa ba ai ba shi ya noma ta ba.

Taju ya ce, "Ba zan ce maka bana za ta kashe ka ba, ban sani ba. Amma abin jiya da a Dayi ya same ka, babu mai allura kusa."

Ya ba shi wani ɗan abin fesawa a baki guda biyu, ɗaya na kullum don ya kwantar da ƙwayoyin, ɗaya na lokacin da ƙirji ya toshe, ya koya masa yadda ake shaƙa. Ƙullin kemis ɗin kuma ya karɓe shi. Da muka zo tafiya tsohon gidan ya rako mu har titi yana ta ce mana sannu. Iya ta tsaya sarin kayanta, ta cusa mana garin amala a jaka, wanda har yau yana nan ba wanda ya iya tuƙa shi.

Dawowa ba ta da labari. Jirgi ya lalace a wani daji kafin Minna muka wuni a wurin, wasu Fulani suka sayar mana da nono. Daga Funtuwa na raka shi a motar Malumfashi har Dayi.

Muka sauka bakin hanya, ga gidansa a tsallake, amma bai nufi ƙofa ba. Ya tsaya ya ga inda iska take kaɗawa, sannan ya je ya zauna a dakalin masallaci, ta inda ba za ta kawo masa komai daga gidan ba. Mutane suka taru suna yi masa barka da zuwa, suna tambaya ko an dace. Ya ce an dace. Ya kira ni ya ce an buɗe kasuwar auduga, in nemo mota da majiya ƙarfi a kwashe ta yau, mata su share ɗakin su yayyafa ruwa, a fitar da katifa da bargo a wanke. Shi zai kwana a zauren liman sai ƙura ta kwanta.

Na samo mutane, mota ta tsaya a ƙofar gida. Tuli biyu ne a ɗakin, farar da ya riga ya tsince da wadda bai kai gare ta ba. Na faɗa musu kada su haɗa, amma ina shiga ciki gaida matansa suka ga aikin zai daɗe, suka riƙa cusa duka a buhu ɗaya. Wani ya shiga buhun da ƙafarsa yadda ya fito daga hanya yana dannawa.

Ina fitowa na hango Yaya ya miƙe daga dakalin. Ya taho da sauri, babbar rigarsa tana jan ƙasa, yana ɗaga hannu. Ya kai tsakiyar titi, daidai inda farin ƙurar ya fara yawo a iska, sai ya tsaya. Ya ɗaga murya ya yi musu magana, ƙarar mota ta danne ta, ba wanda ya waiwayo. Ya daɗe a wurin hannunsa a sama, har wani mai keke ya buga masa ƙararrawa. Sannan ya sauke hannun ya koma dakali ya zauna, ya ba gidan baya.

Ni na bi motar zuwa fuloti, inda malamin auduga yake zura hannu cikin buhu ya ba ta lamba gwargwadon tsabtarta. Da na dawo na tarar da shi a zauren liman, an kawo masa tuwo daga gidansa a rufe kamar yadda ake kai wa baƙo. Ya ce in na koma Funtuwa in nemo masa irin masara mai kyau kafin damina. Bai tambaye ni lambar da aka ba audugar ba, ni ma ban faɗa masa ba.